Bariki Ya Tsufa: Jos, Rikkos da Taurarin Jiya

Hausawa suna da sunaye da yawa na wurin da mutum ke sauka idan ya bar gida, kuma kowane da nauyinsa. Akwai zango, inda ayari ke sauke kaya. Agadas da ke bakin Sahara ita ce uwar zanguna: ƙarni bayan ƙarni raƙuman Abzinawa suna ɗauko gishiri da dabino daga Bilma, su gangaro ƙasar Hausa, su koma da gero da turkuɗin Kura. A zango kowane baƙo yana da maigidan da zai karɓe shi, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. Akwai tunga ta masunta, akwai ruga ta makiyaya, akwai sabon gari. Sai kuma bariki, ƙaramin cikinsu a shekaru, babbansu a shan zargi. Asalinsa wurin kwanan soja ne, amma bai daɗe a bakin Bahaushe ba sai da ya haɗiye duk inda aikin Nasara ya tara mutanen da ba dangin iya ba na baba: tashar jirgi, sansanin lebura, unguwar ma'aikata. Idan aka ce da mutum ɗan bariki, an yaba wayewarsa, an kuma soke shi da rashin mafaɗi.

A duk Arewa babu garin da sunan ya hau daram kamar Jos. Kano da Katsina da Zariya ganuwa ce ta raine su, kowace da ƙofofinta da jerin sarakunanta. Jos kuwa rami ne ya haife ta. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narka kuza, su fitar da shi siri-siri kamar tsinke, fatake su yi ta yawo da shi kasuwa-kasuwa. Bin sawun waɗannan tsinkaye ne ya hawo da mutanen kamfanin Neja kan tsaunin Filato a farkon shekarun 1900, suka kafa sansani a Naraguta. Kafin a je ko'ina kamfanoni sun yi wa tsaunin caa. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, aka kuma tare ruwan Kurra domin a samar wa injinan haƙa wutar lantarki. Ƙasar tana da masu ita, Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda gonakinsu na acca suka koma ramuka da tsibin jar ƙasa. Wannan ciwo bai warke ba har yau, kuma duk mai ba da labarin Jos da gaskiya dole ya fara ambatonsa.

Haƙa tana son hannu, hannu kuwa daga nesa ya zo. Kanawa, Katsinawa, Zazzagawa, Barebari, mutanen Bauchi da na Sakkwato, wasu 'yan cirani masu neman kuɗin haraji, wasu 'yantattun bayi masu neman inda ba a san su ba. Daga Kudu Yarbawa da Ibo da Urhobo suka zo da aikin akawu da kanikanci da kanti. Sunayen sansanonin kaɗai sun isa shaida a kan harshen da aka yi aikin da shi: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Mai Adiko, Dorowa. Lebura ya wuni yana sara da diga, mata da yara suna jigilar ƙasa da kwanon sarki zuwa wurin wanki, ranar biya kuma kasuwa ta cika, kalangu ya tashi, caca ta kankama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila a 1942, sai kuzan Filato ya zama abin nema ruwa a jallo. Gwamnati ta sa sarakuna su turo mutane ala tilas, abin da talakawa suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna. Dubban manoma daga ƙasashe masu zafi aka jibge cikin sanyin tsauni ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ba su koma gida ba. A 1943 abin da aka haƙo ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kai wa ba.

Wani masani Ba'amurke, Leonard Plotnicov, ya zauna a Jos a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1967 wanda sunansa ke nufin baƙin birni. Ya ga abin da mazauna garin suka daɗe da sani: kusan kowa a cikin Jos yana da wani gari da yake kira gida. Bambancin bariki da zango ke nan. A zango akwai mai tsaya maka, amma akwai mai sa maka ido. A bariki babu mai tsaya maka, babu kuma mai tambayar ɗan gidan wane ne kai. Ga mai fasahar da al'ada ta ɗaure wa ƙafa, wannan rashin tambaya arziki ne babba.

Adamu Wayya shi ne shaida. An haife shi a Bukur a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne. Uban ya rasu, uwar ta bi shi yaron yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi, duniya ta san shi da Ɗanmaraya Jos. A ƙasar Hausa ta asali, babban makaɗi yana da ubangida da ƙungiya. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Shata yana da 'yan amshi da zugar makaɗan kalangu. Ɗanmaraya ya fito shi kaɗai, riƙe da kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya ɗaya tal. Kayan kiɗan kansa ɗan bariki ne, rabi daga kantin Bature, rabi daga mahauta. Yakan tallabe shi a ƙirji, yatsa na kai da komo da sauri har ido ba ya bi, murya kuma na tafe a kai tana ba da labari, ba mai karɓa masa, shi ne tambaya shi ne amsa. Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron da ke kwana ƙarƙashin babbar mota yana jiran ranar da zai zama direba. Babu fadar da za ta nemi a yi wa irin wannan yaro waƙa. Tashar mota ce ta nema, Jos kuwa gari ne na tashoshi. Daga nan ya waƙe auren dole, da gulma, da zaman mai akwai da mai babu, ya zaga ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa.

Bayan kuntigi sai akwatin talabijin. Gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato da ke Jos shi ne ya fara watsa hoto mai launi a Najeriya a 1975. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa da dokar 1979, a Jos ta yi mazauni, haka kwalejin talabijin ta NTA. Sanyin gari, da hasken sararinsa, da duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, duk sun ja masu kyamara. A nan aka shirya Cock Crow at Dawn a 1980, wasan da ya bi iyalin da suka bar birni suka koma gona, Bongos Ikwue ya yi masa waƙar buɗewa, Sadiq Daba ya fito a Bitrus, Ƙasimu Yero ya fito a Gaga mai taurin kai. A nan kuma Abdullahi Shu'aibu ya zama Karkuzu na Bodara, wanda a shekarun 1980 yara kan cika tagar duk gidan da ke da talabijin don su gan shi. Silimun Rex da Kwararafa suna cika da masu kallon fina-finan Indiya. A filin ƙwallo, Mighty Jets ta su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, da 'yan wasan da sunayensu kaɗai ke nuna yadda garin ya cakuɗa.

Sunan mai sana'ar ma ya yi ta sauya riga. Da can maroƙi ne, ko ɗan kama, mutumin da ake dariya da shi a kasuwa amma ba a ba shi 'ya. Rediyo da talabijin suka mai da shi ɗan wasan kwaikwayo, mai alaƙa da ofis da takardar biya. Da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano bayan 1990, mujallu irin su Tauraruwa, inda sunan Kannywood ya fara fitowa a 1999, da mujallar Fim, suka ɗora masa manyan sunaye. Ya zama tauraro. Ya zama jarumi, kalmar da a da sai wanda ya tsaya a fagen daga ake kira da ita. Jos ta ba wannan sabuwar masana'anta kaso mai tsoka: Sani Mu'azu da kamfanin Lenscope, marigayi Ahmad S. Nuhu, Sadiq Sani Sadiq, Nafisa Abdullahi, ga Ali Nuhu da ya yi karatun jami'a a garin. Amma a bakin 'yan kallo akwai wasu kalmomi biyu da suka fi mujalla faɗin gaskiya. Sukan ce wane yana tashe, ko wance ake yayi. Duk wanda ya san Hausa ya san tashe na 'yan kwanaki ne a cikin azumi, yayi kuma na atamfa ne, bana wannan, baɗi wata. Tun ranar da aka ɗaga mutum, harshen ya riga ya sanar da shi cewa za a sauke shi.

Garin ma an daina yayinsa, a hankali. Kuzan da ke kusa da sama ya ƙare, kuɗin haƙa ya ƙaru, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan a watan Oktoba 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Manyan injina suka tsaya cak suna tsatsa a Bukur da Barikin Ladi. Aka bar ɗaruruwan kududdufai, wasu suna cin yara da dabbobi, wasu masu lambu suna jan ruwansu da rani suna fitar da kabeji da karas da tumatir da ake lodi zuwa Kudu. Wani sauyin ya zo ta fuskar addini. A Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, wanda shi kansa ya yi limanci a barikin soja. Rashin ganuwar da ya bar mawaƙi ya yi waƙa ba ubangida, shi ne ya bar malami ya yi wa'azi ba tare da jiran izinin fada ba. Majami'u ma suka yawaita suka ƙara ƙarfi. Jikokin leburori suka zama alhazai da malamai da 'yan kasuwa, ba mai son a tuna masa da kalmar bariki.

Sai tambayar da garin ya daɗe bai matsa a kanta ba ta taso da ƙarfinta: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Birom da Anaguta da Afizere suka ce ƙasar kakanninsu ce, an cinye ta da haƙa, ba za a ƙara cinye ta da siyasa ba. Hausawan da suka kira kansu Jasawa suka ce a nan aka binne kakanninsu, ba su da wani gari da za su koma. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki, ta mai da gardamar ta zama ta tuwo. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, rikici ya ɓarke a 1994 kan wanda zai shugabance ta, sannan ranar 7 ga Satumba 2001 wuta ta kama gadan-gadan. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum kusan 1,000 ne suka mutu cikin kwana shida. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, ta shafe sama da shekara 20 ba a sake gina ta ba. Aka sake rikici a 2008, aka sake a 2010, shekarar da aka yi wa mutane kisan gilla a Kuru Karama da Dogo Nahawa, tsofaffin ƙauyukan haƙa, Musulmi a ɗaya, Kirista a ɗaya.

Unguwar Rikkos ta yau a cikin Jos 'yar wannan zamani ce. Bayan kowane rikici mutane sukan sayar da gida ko su yi musaya, Kirista ya koma inda Kirista suka fi yawa, Musulmi ya matso Rikkos ko Gangare ko Unguwar Rogo. Unguwa ta cika ta batse, gidaje suka hau duwatsu, suka gangara har bakin rafi. A watan Yuli 2012, da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos da maƙwabtanta cikin dare, ta kashe aƙalla mutum 35, ta rushe gidaje masu yawa. Tsoron mutum ne ya tura jama'a zama a hanyar ruwa.

Da sassafen hunturu, teburin mai shayi a Rikkos makaranta ce. Dattawa na zaune a benci, kowa ya naɗe cikin rigar sanyi ta gwanjon kasuwar Katako, hular sanyi a ƙarƙashin rawani ko a maimakonsa, tururi na tashi daga kofuna. Matashi ya faka Keke Napep ya rusuna: "Baba, ina kwana, ya sanyi?" A amsa masa: "Lokacinsa ne, ɗana, Allah ya ba da sa'a." Cikin waɗannan dattawa akwai wanda ya yi aiki a kamfanin haƙa, akwai wanda ya kalli Sam Garba da idonsa, akwai wanda zai lissafa maka maƙwabtansa na da, Ibo da Birom da Yarbawa, gida-gida, a layin da yau ba zai kwana ba. Matashin kuwa taswirar da ya gada daban ce. Ya san titin da ake bi da wanda ake kauce wa idan gari ya ɗauki zafi. A wayarsa akwai taurari ɗari, na TikTok da na YouTube, waɗanda yayinsu ba ya kai wata uku. Wani lokaci a cikin abin da wayar ke turo masa sai ga wani tsoho makaho yana neman taimako, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce, "Baba, wai kun san wannan?"

Sun san shi. Karkuzu ya tsufa a Jos, ido ya tafi, ƙarfi ya ƙare, har ta kai ya fito a bidiyo yana bayyana halin da yake ciki na rashin abinci da matsalar muhalli. Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, haifaffen Jos, ya saya masa gida ya kuma ba shi kuɗi. Karkuzu ya rasu a watan Maris 2025, cikin azumi. Sadiq Daba ya dawo da ƙarfinsa a fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan a 2014, ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa na Afirka, ba a jima ba cutar daji ta kwantar da shi, sai da aka yi ta gangamin tara masa kuɗin magani kafin rasuwarsa a watan Maris 2021. A Kano, hirar da dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta yi da BBC Hausa a 2022, inda ta koka da ƙanƙantar abin da ake biyan ta, ta tayar da ƙura makonni, masu shirya fim suna musantawa, 'yan kallo suna tsine wa masana'anta. Ɗanmaraya, da ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015, ya fi su samun karramawa yana raye, duk da haka waƙoƙinsa suna yawo a intanet a tashoshin mutanen da ba su taɓa ganin sa ba.

Kowane irin wannan labari da kalma ɗaya ake rufe shi: taimako. Wane ya taimaka, Allah ya saka masa. Abin da Ahmed Musa ya yi alheri ne, kuma ya cancanci addu'ar da ya sha. Amma kalmar da ta kamata ta riga taimako zuwa ita ce haƙƙi, kuma ba a cika jin ta ba. Ɗan wasan talabijin na shekarun 1980 ana biyan sa ne a kan kowane shiri, faifan ya zama na gidan talabijin, a maimaita shi sau ɗari ba a ƙara masa sisi. Ɗan fim ɗin bidiyo ana sallamar sa a wurin ɗauka, furodusa ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, masu satar fasaha su kwashe sauran. Babu fansho, babu inshorar lafiya, sau da yawa babu ko takardar yarjejeniya. Manomin da ya tsufa a ƙauye yana da gandu da 'ya'yan da ke noma shi. Makaɗin fada yana da ubangidan da kunya za ta hana ya bar shi da yunwa. Tauraron bariki ya sayi 'yancinsa da waɗannan biyun, ya dogara ga jama'ar gari, jama'ar kuwa rikici ya raba ta biyu, talauci ya sa kowa na ta kansa. Mutumin da Musulmi da Kirista suka taru a taga ɗaya suna dariyarsa ya wayi gari rabin masu kallonsa suna can ƙetaren wata iyaka da ba a zana a ƙasa ba.

Kayan gyara suna nan cikin garin. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris 2023 ta tanadi haƙƙin masu wasa a kan aikinsu da aka naɗa, sai dai doka ba ta kai kanta gidan tsoho, sai ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN sun ɗauke ta sun kai. Ma'adanar fina-finai ta ƙasa tana Jos. A 2016 aka gano faifan Shaihu Umar a ajiyar Hukumar Fina-finai, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka ƙetara da shi Sahara da uwar da ta bi sawunsa. An ɗauka ya ɓata. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Tun watan Janairu 2024 kuma Ali Nuhu ne ke shugabantar hukumar, karo na farko da ɗan Kannywood ya hau kujerar, mutumin da ya yi aiki da dattawan nan ya kuma san abin da ake ba su a wurin ɗauka.

Aikin da ke gabansa da gidajen talabijin na Jos a bayyane yake. A nemo kasakasan wasannin shekarun 1970 da 1980 kafin danshi da ƙura su gama da su, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan duk wanda ya fito a ciki, har mai riƙe fitila. Idan an sa su a intanet ko an sayar wa wata tasha, a ware kason masu wasan, a kai wa wanda ke raye, a kai wa magadan wanda ya rasu. A zauna da dattawan da suka rage, na Rikkos da na Angwan Rukuba, na Bukur da na Naraguta, a naɗi bakinsu a kan Jos ɗin da suka sani. Yawancinsu sun haura 70, kuma kowane hunturu benci yana raguwa da mutum ɗaya ko biyu.